Littafin Lissafin Abuna Tiya

Shekara tara ina awon riɗi a Gadarif,
a rumfar Alhaji Bashari, bayan tashar manyan motoci.
Shi ya koya mini Hausa,
da yadda ake gane buhun da aka cuɗa da ƙasa
tun ba a kwance bakinsa ba.
Ni ɗan duwatsun Nuba ne, Tiya, na uku a ɗakin uwata.
Burina a lokacin bai taka kara ya karya ba:
raksha guda mai sabon fenti,
ɗaki biyu da kwano a sama,
da yarinyar nan mai shayi a gindin darbejiya
wadda ba ta taɓa karɓar kuɗina ba.

A coci kuwa ni ne ma'aji.
Ranar Lahadi in ƙirga baiko,
in zuba a gwangwanin madara, in rufe.
Wata Talata dillalin raksha ya ce, ko yau ko a fasa.
Na buɗe gwangwanin.
Na ce aro ne. Aro ne kuwa,
kafin Lahadi na mayar, ko sisi bai yi ciwon kai ba,
ba wanda ya sani.
Sai dai tun daga ranar, in na ɗora buhu a sikeli
sai in ga allurar tana kallona.

A shekarar Alhaji ya tashi zuwa Makka.
Ya tsallake 'ya'yansa biyu, ya danƙa mini makullan sito.
Na ce, Alhaji, ba ka san ni ba.
Ya ce, ni ma ba nawa ba ne, ajiya aka ba ni,
Mai kayan yana tafe, kuma ba ya aiko da rana.
Kwana arba'in ina kwana a bakin sito,
ɓeraye na kai da komo,
ina tuna bawan nan da ya binne abin da aka ba shi.
Ni ban binne nawa ba,
ƙafa uku na sa masa, na sake shi a titi.

Ran da ya dawo na miƙa makullai, na nemi sallama.
Ya daɗe yana shafa gemu.
Ya ce, in dai Mai kayan ne ya kira ka, wa ya isa?
Shi ya biya mini mota har Hartum.
Rakshar na sayar da faɗuwa.
Mai shayi ta auri direban tarakta, na ji 'ya'yansu huɗu.

Yanzu Abuna suke ce mini,
har yau kuma lissafi nake:
kyandir, man janareta, tankin ruwa,
dawa buhu shida don baƙin da ke kwana a haraba.
Kuɗin ƙararrawar da muka shekara uku muna tarawa
na mai da su kisra da wake.
Dattawa sun yi wata guda ba sa amsa gaisuwata.
Da tsohon wilin mota muke kiran sujada,
kuma ana zuwa.

Shafi ɗaya ne ya ƙi daidaita.
Daren da uwata ta cika a Madani,
saƙo ya iso tun la'asar, motar ƙarshe ba ta tashi ba,
ni kuwa ina gefen tabarmar wani lebura
da ko sunansa ban sani ba,
ya riƙe hannuna ya ƙi saki.
Ya warke.
Ina ganinsa a kasuwa yana dako, ba ya ma gane ni.
Ita kuwa aka binne ta ba na nan.

Na tara, na ɗebe, na sāke tarawa.
Ban san a ina zan rubuta daren nan ba,
ko a riba, ko a asara.
Na bar littafin a buɗe, da alƙalami a tsakiya,
har Mai kaya ya zo ya duba da kansa.